Rubutu tsurarsa ko mai ado: tarihin gardamar da ta girmi Facebook

Duk zauren da jama'a suka taru suna rubuce-rubuce, ba a daɗewa sai wannan magana ta taso: a bar kowa ya ƙawata saƙonsa da baƙaƙe masu kauri da launi da haruffan gayu, ko a tsaya a kan rubutu tsurarsa? Wasu na ɗauka sabuwar rigima ce da wayar hannu ta kawo. Ta girmi Facebook, ta girmi WhatsApp, ta ma girmi da yawa daga cikinmu. Kuma waɗanda suka fara ta ba a kan kyau ko muni suka yi ta ba. Abin da ya dame su shi ne wa zai iya karanta saƙon, kuma wa zai biya kuɗinsa.

A shekarar 1963 aka fitar da wani ma'auni a Amurka mai suna ASCII, wanda ya ba kowane harafi lamba domin na'urori su fahimci juna. Gurabe 128 kacal ke cikinsa, 95 daga ciki ne ake iya gani a rubuce: haruffan Turanci, lambobi da 'yan alamomi. Babu kauri, babu launi, babu girma ko ƙanƙanta. A kan wannan ne Ray Tomlinson ya aika imel tsakanin kwamfutoci a 1971, a kansa kuma wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke, Tom Truscott da Jim Ellis, suka ƙirƙiro Usenet a 1979, wadda za a iya cewa ita ce kakar duk zaurukan tattaunawa na intanet. A lokacin ba wanda ya zaɓi tsuran rubutu, shi kaɗai ne ake da shi. Layin tarho ake bi, kuma na'urar haɗi da aka fi amfani da ita a wancan zamani takan kawo haruffa kamar 30 ne a daƙiƙa ɗaya, har mutum yana iya karantawa yayin da suke fitowa.

Amma ɗan Adam ba ya rasa dabara. Mai son ya jaddada kalma sai ya sa ta tsakanin taurari biyu. Mai son ja mata layi sai ya sa ɗan karan ƙasa gabanta da bayanta. Mai kawo maganar wani sai ya fara kowane layi da alamar >. Rubutu da manyan baƙaƙe zalla kuwa aka ɗauke shi a matsayin ihu, har yau kuma haka ake kallonsa. A watan Satumba na 1982 Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya ba da shawarar a riƙa sa :-) a gaban maganar raha, saboda an yi ta ɗaukar wasa a matsayin gaske. Ku riƙe waɗannan taurari a zuciya, za su sake dawowa.

Rikici ya faro ne da zaɓi ya samu. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da tsarin MIME, wanda ya ba imel damar ɗaukar hoto da sauti da rubutu iri-iri. Bayan 'yan shekaru manhajojin Netscape da Microsoft suka fara aika saƙo da HTML, wato harshen da ake gina shafukan intanet da shi, sau da yawa ba tare da mai aikawa ya ma san haka ake yi ba. Shi a wurinsa saƙo ya yi kyau, ga shuɗi ga ja. Wanda ke amfani da tsohuwar manhaja kuwa sai ya buɗe ya tarar da tarkacen alamomi sun binne maganar. Domin a rage wannan, manhajojin kan aika kwafi biyu a haɗe, ɗaya tsura ɗaya mai ado, sai nauyin saƙon ya ninka ko ya fi haka. A zauren da ke da mutum dubu, kowane ɗayansu sai ya sauke wannan nauyi ta layin tarhonsa.

Wata ma'aikaciyar Intel, Sally Hambridge, ta tattara ladubban mu'amala a intanet cikin wata takarda a 1995, ana kiranta RFC 1855. Ta ba da shawarar kada layi ya kai haruffa 65, kada sa hannun ƙarshen saƙo ya wuce layi huɗu, ta kuma tunatar cewa mutane da yawa da minti suke biyan kuɗin haɗi, don haka tsawon saƙonka daga aljihunsu yake fita. Mu da muke lissafin data kullum ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a nan. A ƙarshen shekarun 1990 har gangami aka yi, masu adawa da HTML suna zana ɗan ƙyalle da alamomin ASCII a ƙasan saƙonninsu don nuna matsayinsu.

Sai hujja ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko nauyi: tsaro. Rubutu mai ado yana iya ɓoye abu. Ana iya rubuta sunan bankinka a fili, alhali adireshin da ke ƙarƙashinsa na ɓarayi ne. Ana iya cusa hoto ƙanƙani wanda ido ba ya gani, da ka buɗe saƙon sai ya sanar da mai aikawa cewa ka karanta. A tsuran rubutu abin da ka gani shi ne abin da ke akwai. Har gobe zaurukan imel na masu gina Linux ba sa karɓar saƙon HTML, kwamfutarsu ce ke watsar da shi kai tsaye. Su nasu dalilin ya haɗa da sana'a, domin gyaran manhaja suke aika wa juna a cikin saƙo, kuma idan aka taɓa ko da tazara ɗaya tsakanin haruffa gyaran ba zai hau ba.

Su ma masu son ado suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Dogon bayani marar kanun magana yana gajiyar da ido. Jadawalin lambobi yana wargajewa a tsuran rubutu. A imel na yau da kullum su suka yi nasara, kusan duk saƙon da ke shigo maka yanzu HTML ne. A zaurukan tattaunawa kuwa sulhu aka yi. A 2004 John Gruber, da gudunmawar Aaron Swartz, ya fitar da Markdown, ya kuma faɗa da bakinsa cewa daga al'adar tsuran imel ya ɗauko shi. Taurarin nan na da su ne suka dawo: idan manhaja ta gane su ta mayar da kalmar mai karkata ko mai kauri, idan ba ta gane ba mai karatu ya ga taurari biyu ya fahimci nufi. Ba wanda aka bari a baya. Da WhatsApp ya kawo kauri da karkata a 2016, wannan hanyar ya bi.

To, ina mu Hausawa a cikin wannan labari? Nan ne maganar ta juya. Tsuran rubutun da Turawan nan suke karewa babu mu a cikinsa. Tun shekarun 1930 boko ke amfani da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, 'yan uwanmu na Nijar kuma suna da ƴ inda mu muke rubuta 'y. Ko ɗaya babu a gurabe 128 na ASCII. Ba kuma ado ba ne su, ma'ana suke ɗauke da ita. Kura daban, ƙura daban. Baki daban, baƙi daban. Bari ba ɓari ba ne. Shi ya sa da intanet da wayar salula suka iso, matasa suka nemi mafita da abin da ke hannunsu: q ta maye gurbin ƙ, lamba 6 ta maye gurbin ɓ, aka samu qasa da 6ata. Malaman Hausa sun yi ta faɗa a kan haka, amma ba lalaci ne kaɗai ya jawo shi ba. Tes ɗin waya yana ɗaukar haruffa 160 ne idan duk suna cikin jerin da tsarin GSM ya sani. Da ka sa ƙ guda ɗaya sai wayar ta koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ƙaru. Rubuta Hausa daidai tara ake ci a kai.

Unicode ne ya fitar da mu, ma'aunin da ya fara fitowa a 1991 da nufin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa. Haruffanmu masu ƙugiya suna ciki, haruffan Larabci da muke ajami da su ma suna ciki. Saboda haka tsuran rubutu na yau ba irin na 1963 ba ne. Wanda ya rubuta ƙ a saƙonsa bai yi ado ba, Hausa ya rubuta, kuma madannai irin su Gboard suna da Hausa ga mai so.

Abin takaicin shi ne ta ƙofar Unicode ɗin nan wata sabuwar matsala ta shigo. Kun san haruffan gayun nan da wasu ke kwafowa daga manhajoji, masu kama da rubutun hannu ko na katin biki? Ba salon rubutu ba ne kamar yadda ake zato. Alamomin lissafi ne da aka ƙara a Unicode a 2001 domin masana su riƙa rubuta ƙa'idojinsu. A ido suna kama da a da b, a wurin na'ura kuwa wasu abubuwa ne daban. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa rubutu zai ji tana kiran sunan kowace alama ɗaya bayan ɗaya, ko ta tsallake kalmar gaba ɗaya. Mai tsohuwar waya akwatuna zai gani. Mai neman wani tsohon rubutu a zaure sau da yawa ba zai same shi ba, domin kalmar da ya rubuta ba ita ce aka ajiye ba. Sannan jerin ba shi da ɓ ko ɗ ko ƙ, don haka ko dai ƙugiyar ta faɗi, ko harafin ya tsaya tsirara a tsakiyar kalma kamar baƙo. Matsalar 1997 ce ta dawo da sabuwar riga: mai aikawa yana ganin kyau, wani a can gefe ba ya iya karantawa.

Don haka idan masu kula da zaure suka zauna yanke hukunci, ni ban ga dalilin hana kowane irin tsari ba. Kaurin da manhajar kanta ta tanada, kan magana a dogon rubutu, tazara tsakanin sakin layi, duk suna taimakon mai karatu, kuma ko sun ɓace rubutun yana nan yadda yake. A bar su. Haruffan gayu da aka kwafo daga waje a hana su, har a sunan mutum idan zai yiwu. Rubutun da aka ɗauka a hoto aka liƙa ba tare da an buga shi ba shi ma a nemi mai shi ya rubuto shi, tunda ya fi cin data kuma ba a iya kwafar layi ɗaya daga ciki don a ba da amsa. Adireshin shafi a bar shi a fili, kowa ya ga inda za a kai shi kafin ya taɓa. Masu q da 6 kuwa kada a kore su, a nuna musu inda ake kunna madannan Hausa a wayarsu, abin bai fi minti biyu ba.