Hubert Ogunde: Ɗan Wasan da Ya Rubuta Abin da Zai Faɗa

An haifi Hubert Ogunde a 1916 a garin Ososa, cikin jihar Ogun ta yau. Ya yi koyarwa, ya yi aikin ɗan sanda, kafin a 1944 ya gabatar da wasansa na farko a zauren Glover da ke Legas. Ba da jimawa ba ya ajiye kaki, ya kafa ƙungiyar da ke yawo gari-gari, wasa ne kaɗai abincinta.

Shi ke rubuta labari, shi ke tsara waƙa, shi kuma ke hawa dandamali ya furta. Don haka duk lokacin da magana ta sosa wa hukuma rai, ba ta wahalar neman mai ita. Bayan 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, ya rubuta Bread and Bullet. Da ya kai shi Kano, aka hana nunawa, aka ci shi tara. Samun 'yanci bai sauya lamarin ba. A 1964 wasansa Yoruba Ronu ya caccaki Firimiya Akintola, aka haramta wa ƙungiyarsa wasa a Jihar Yamma, sai a 1966 sojoji suka ɗage takunkumin.

A ƙarshen shekarun 1970 ya koma fim, ya rubuta Aiye ya kuma fito a ciki. Ya rasu a Landan a 1990; Mister Johnson ne fim na ƙarshe da ya fito a ciki.