As Bestas: Rikicin ƙauye da matsayin mata a finafinan Sifaniya

As Bestas fim ne mai ɗaga hankali wanda Rodrigo Sorogoyen ya ba da umarni, ya kuma rubuta tare da Isabel Peña. An fara nuna shi a bikin finafinai na Cannes a 2022. A 2023 ya lashe lambobin yabo 9 na Goya, mafi girma a harkar fim ta Sifaniya, ciki har da ta gwarzon fim. Sunan yana nufin "dabbobi" a harshen Galisiya, kuma ya samo asali ne daga wani biki na yankin, inda maza ke kokawa da dawakin daji da hannu, su kayar da su domin yi musu aski.

Labarin na Antoine da matarsa Olga ne, Faransawan da suka zauna a wani ƙauyen Galisiya da ya kusa zama kufai, suna noman kayan lambu. Wani kamfani ya nemi kafa injinan samar da lantarki daga iska, ya yi tayin biyan mazauna ƙauyen, amma Antoine ya ƙi amincewa. Maƙwabtansa Xan da Lorenzo, wa da ƙani makiyayan shanu, suna ganin wannan kuɗi ne kaɗai zai raba su da talaucin da suka gada. Gaba ta fara da baƙar magana a mashaya, ta kai ga gurɓata ruwan gona, ta ƙare da kisa a cikin daji.

An gina labarin ne kan abin da ya faru a ƙauyen Santoalla na lardin Ourense, inda wani ɗan ƙasar Holan ya ɓace a 2010 bayan doguwar taƙaddama da maƙwabta kan haƙƙin dajin gari. Sai a 2014 aka gano gawarsa, kuma matarsa ba ta bar ƙauyen ba.

Abin da ya bambanta fim ɗin shi ne yadda ya rabu gida biyu. Kashi na farko na maza ne, inda kowa ke ganin ja da baya abin kunya ne. Bayan kisan, ragamar labari ta koma hannun Olga, wadda Marina Foïs ta fito a matsayinta. Ba ta ɗauki makami ba, ba ta kuma gudu ba. Ta ci gaba da noma kusa da waɗanda take zargi, tana bin daji taku-taku domin neman gawar mijinta, duk da matsin 'yarta kan su koma Faransa.

Ba Sorogoyen ne ya fara bin wannan hanya ba. Carlos Saura ya yi La caza a 1966, sannan El séptimo día a 2004, kan kisan gillar ƙauyen Puerto Hurraco na 1990. La isla mínima na Alberto Rodríguez, wanda ya fito a 2014, ya bibiyi kisan 'yan mata a fadamun kogin Guadalquivir. A yawancin irin waɗannan finafinai mace ce ake zalunta ko ake bari da makoki, amma a As Bestas ita ce ke riƙe da neman gaskiya har zuwa ƙarshe.