Na'ura da makaɗi: taƙaitaccen tarihin haɗuwar lantarki da kayan kiɗan gabashin Nijar

Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne wani irin kiɗa da Faransawa ke kira musique mixte, wato kiɗan da ake haɗa kayan busa, na izga ko na fata da na'urar lantarki, musamman reshensa wanda na'ura ke karɓar amon makaɗi ta sarrafa shi nan take a gaban jama'a. Za mu dube shi daga ƙasar Gure. Ra'ayinmu shi ne, na'ura ta shigo wannan yanki a matsayin mai saurare da ajiya, kuma har yanzu ba a ba ta matsayin abokiyar kiɗa sosai ba. Dalilin hakan yana cikin tarihi, wani ɓangarensa kuma yana cikin harshe.

Gure tana gabas da Damagaram, bisa hanyar Difa, kuma ita ce fadar Muniyo a ƙarni na 19. Heinrich Barth ya sauka can a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Kosso, alƙalami da takarda kawai ke hannunsa. Duk abin da algaita da ganga suka faɗa a fadojin Mangawa da na Damagaram a wancan ƙarni ya tafi da iska, sai abin da ɗa ya gada a bakin ubansa.

Na'urar da ta zo ta kama wannan amo tana da asali mai ban mamaki. A 1948, a gidan rediyon Paris, Pierre Schaeffer ya fara harhaɗa kiɗa da ƙarar jirgin ƙasa da wasu sautukan da aka ɗauka bisa faifai, ya sa masa suna musique concrète. (Shekaru 4 kafin nan, a Alƙahira, Halim El-Dabh ya riga ya ɗauki sautin bikin zar, mai kama da borinmu, ya jujjuya shi da na'ura, littattafan Turai sun daɗe ba su ambace shi ba.) Wannan Schaeffer ɗin dai shi ne ya kafa SORAFOM a 1955, hukumar da aka ɗora wa shimfiɗa gidajen rediyo a ƙasashen da Faransa ke mallaka, tare da makarantar horar da ma'aikata a Maisons-Laffitte. Rediyon Nijar, wanda aka buɗe a 1958, ɗan wannan gida ne. A 1962 SORAFOM ta koma OCORA, kuma da sunanta ne Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar a 1963 yana ɗaukar kiɗan maroƙa da na makiyaya. Faifai biyu suka fito, La musique des griots da Nomades du Niger.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Nikiprowetzky kansa mawallafin kiɗan zamani ne, ɗalibin René Leibowitz. Ke nan hannun da ke gwaji da sauti a Paris da hannun da ke riƙe mikoro a gaban mai algaita, ƴan gida ɗaya ne. Amma an raba aiki: can a yanka tef, a juya shi baya, a ƙara masa sauri, nan kuwa a ɗauka yadda yake, a rubuta sunan ƙabila bisa kwali, a ajiye. Ba mu raina wannan ajiya ba, domin ba don ita ba da ba mu san amon waɗannan shekaru ba. Sai dai ta koya wa kowa, har da mu, cewa aikin na'ura a wurin makaɗin gargajiya shi ne ta adana shi.

A Turai kuwa abin ya wuce tef. A 1964 Karlheinz Stockhausen ya shirya Mikrophonie I: babban faranti ɗaya na ƙarfe, mutum biyu na bugunsa suna gogarsa, biyu na yawo da mikoro a jikinsa, biyu kuma na zaune suna tace sautin. A IRCAM ta Paris, Pierre Boulez ya fito da Répons a 1981, sa'an nan Philippe Manoury ya yi Jupiter a 1987, inda kwamfuta ke bin mai sarewa tana jiran ya kai wani wuri kafin ta amsa. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, ɗan amshi ke nan.

A Nijar, wanda ya fara maida lantarki abin kiɗa shi ne Mamman Sani Abdulaye. Ya sayi ogan ƙirar Orla ta Italiya a hannun wani abokin aikinsa ɗan Ruwanda, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na rediyon ƙasa a Yamai a 1978, aka fitar da kasat kaɗan. Shekara da shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi da sunan La Musique Électronique du Niger. Aiki ne mai daraja, an kuma gina wasu sassansa bisa waƙoƙin makiyaya. Amma ogan ɗin shi kaɗai ke magana. Ya ɗauki waƙar, ya bar kayan kiɗan a gida.

Ƙasar Gure ta ba da nata mutum ta wata hanya dabam. Malam Maman Barka, haifaffen Taskar, wadda a lokacin tana cikin yankin Gure, malamin makaranta ne Batube da ya yi suna da gurumi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon gwanin biram, wani abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale, wanda ya kusa rasa mai kaɗa shi. Barka ya koya, ya kai biram har Turai tare da makaɗinsa Umaru Adamu, faifansu ya fito a 2009, shi kuma ya rasu a 2018. Abin lura shi ne, biram bai tsira ta hanyar tef ba. Sai da mutum ya zauna gaban mutum. Lantarkin da ya shiga aikin Barka na ƙara murya ne da na ɗauka. Daga baya ƙungiyar Studio Shap Shap ta Yamai, a faifanta Château 1 na 2016, ta zaunar da kayan gargajiya da na'ura da sautukan gari a dandali ɗaya, kuma wannan ne mafi kusa da abin da muke magana a kai.

Saura batun harshe, inda masu nazarinsa ke da abin cewa. Hausa da Barbarci duka harsuna ne masu karin sauti. A Hausa, "wuya" na jiki kari sama-ƙasa gare shi, "wuya" ta wahala ƙasa-sama. "Kai" na jiki faɗau ne, "kai" na wakilin suna sama ne. Take da kirarin da ake busawa ko a kaɗa, wannan kari da tsawon gaɓa suke bi. Mai kalangu yana matsa tsirkiya a hammata ya saki, amon ya hau ya gangara ba tare da tsani ba. Mai algaita yana ajiye iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, busar ba ta yankewa, yana lanƙwasa ta yadda magana ke lanƙwasa. Ƙari ga haka, a jimlar Hausa kari na sama yakan yi ta sauka duk sa'ad da na ƙasa ya gifta, har na saman ƙarshen jimla ya iya komawa daidai da na ƙasan farkonta. Ogan kuwa an raba masa zango gida 12 daidai wa daida, kowane maɓalli da matsayinsa da ba ya motsi. Idan aka tilasta wa algaita bin wannan tsani, za a sami daɗin ji, amma maganar da ke cikin busar ta fita. Haka ma dabarar jinkirta amo a maimaita shi, wadda masu kiɗan lantarki ke so ƙwarai: idan ta ɗora gaɓa bisa gaɓa, dattijon fada ba zai ƙara gane taken wa ake busawa ba.

Tsarin Jupiter ma ba zai ɗauku yadda yake ba, domin kwamfutar tana bin kiɗan da aka rubuta bisa takarda ne, mai algaita kuwa ba takarda yake bi ba, sarki yake kallo da abin da maroƙi ya furta. Na'urar da za ta yi masa amshi sai ta san hawa da saukar kari, ta san inda jimla ke ƙarewa. Kayan aikin ba su da tsada yanzu: manhajar Pure Data, wadda Miller Puckette, tsohon ma'aikacin IRCAM, ya fitar a 1996, kyauta ce, ƙaramar kwamfuta ta ishe ta. Abin da za a ciyar da ita shi ne bayanin taken fadojin Muniyo da Damagaram gaɓa-gaɓa, da karin kowace gaɓa da tsawonta, a rubuta shi tare da masu busar da kansu. Wannan aikin sashen nazarin harsuna ne, kuma ya isa kundin digiri na biyu.