Tawadar da ke Sake Launi a Rana

Bayan rasuwar mahaifinmu a Damagaram, ni aka ba wa akwatin takardunsa. A ƙasan akwatin na tarar da kayensa na lakwal, an cika shi da rubutu da tawada mai ruwan shuni-shuni. Da na karkata shafin wajen taga, sai na ga duk inda tawadar ta taru tana walƙiya kore-kore kamar bayan ƙwaro. Wannan walƙiyar ce ta sa na bi sawun tarihinta.

Daɗaɗɗiyar tawadar Turawa ana haɗa ta ne da ƙullutun wani itace, da sinadarin ƙarfe, da ƙaro. Malamanmu ma sun san wannan dabarar: su dafa ƴaƴan bagaruwa da guntayen ƙarfe. Irin wannan tawada kama jikin takarda take yi, tana ƙara duhu bayan ta sha iska, shi ya sa take daɗewa.

A 1856 wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, ya fitar da rini daga kwaltar gawayin ƙasa. A 1861 Charles Lauth na Faransa ya samo wani rinin mai ruwan shuni-shuni, kuma irinsa ne ya cika ƴan kwalaben da ke cikin teburan lakwal. Yana da arha, yana narkewa sarai a ruwa. Da alƙalami mai ɗaukar tawada a cikinsa ya bazu, bayan Lewis Waterman ya yi rajistar nasa a Amurka a 1884, sai rini ya ƙara samun kasuwa, don tawada mai ƙaro toshe irin wannan alƙalami take yi.

To daga ina walƙiyar take? Idan rini ya yi yawa a tawada, takarda kuma ba mai sha ba ce, sai ruwan ya bushe ya bar rinin a kwance a sama. Wannan ɗan siririn ɓawon shi ke mayar da haske da wani launi dabam: shuɗi ya nuna ja, shuni-shuni ya nuna kore. A takarda mai sha kuwa, irin ta jarida, rubutun bajewa yake yi, walƙiyar ta ɓace. Shi ya sa masu sha'awar abin yau suke neman takardar Tomoe River ta Japan, mai santsi, marar kauri.

A 1965 Faransa ta yarda ƴan lakwal su yi rubutu da bik. Sannu a hankali kwalaben suka bushe, can da nan. Walƙiyar da dā ba wanda ya kula da ita, yanzu kamfanoni da gangan suke zuba ta.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Abin da ke kwance a sama bai kama ƙasa ba. Ranar nan gumin yatsana ya taɓa wani layi, kalmomi biyu na mahaifina suka zame, ba su dawowa. Kusa da kayen akwai wasiƙar ajami ta kakanmu, wadda ta girme shi nesa, baƙinta na nan daram.

Tun ranar na raba aiki. Wasiƙar zumunci ina rubuta ta da mai walƙiya. Asalin gidanmu da nake tattarawa don ƴaƴana kuwa, da tawada mai sinadarin ƙarfe nake rubuta shi.