Kwalaben Amfilifayar Jita: Suna na Ingila, Ƙira ta Rasha

Duk makaɗin jita da ya mallaki amfilifaya irin ta da, watau mai aiki da kwalabe, ya san akwai ranar da zai zauna yana lissafin aljihunsa, domin kwalaben nan ba su dawwama. A hankali murya takan dushe, ko a riƙa jin ƙara kamar ana suyar gyaɗa, ko kuwa ɗaya ta yi ja wur ta ƙone fis. To, sai ya nufi mai sayarwa a baje masa kwalaye masu sunaye iri-iri, su Mullard da Tung-Sol da Sovtek da JJ, kowane da farashinsa. Abin da nake so in nuna a wannan ɗan rubutu shi ne, mutumin nan ba zai yi zaɓin hankali ba sai ya san tarihin waɗannan sunaye, saboda da yawansu sunayen masana'antu ne da suka daɗe da mutuwa, aka ɗauko aka liƙa wa kayan wata ƙasa dabam.

Da farko dai, mece ce kwalbar? Turawan Ingila suna ce mata bawul, Amurkawa kuwa tub. Gilashi ne mai kama da ƙwan fitila, an zuƙe iskar da ke cikinsa. A tsakiya akwai wani siririn ƙarfe da ake gasawa har ya riƙa fesar da ƙwayoyin lantarki, su kuma su tafi wajen wani farantin ƙarfe da ke kewaye da shi. Tsakanin su biyun an gitta wata 'yar raga ta waya. 'Yar ƙaramar wutar da tsirkiyar jita ta haifar ita ake aikawa kan ragar, sai ta zama kamar mai tsaron ƙofa, tana buɗe wa babbar wuta hanya tana rufewa, har abin ya kai ƙarfin da zai motsa lasifika. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙera kwalba ta farko a 1904, Lee de Forest na Amurka kuma ya ƙara mata ragar a 1906. Dattawan malamanmu za su tuna akwatin rediyon da in an kunna shi sai an jira ya yi ɗumi kafin ya yi magana. Kwalabensa ake jira.

Kwalaben da jita ta dogara a kansu ba su da yawa, kuma ba ko ɗaya da aka ƙera dominta. Kamfanin RCA na Amurka ya fito da 6L6 a 1936, 6V6 ta biyo baya ba da jimawa ba, sannan 'yar ƙaramar 12AX7 ta shigo kasuwa a 1947, wadda Turai ke kira ECC83. Philips na Holan da reshensa na Ingila, watau Mullard, su suka fito da EL34 da EL84 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Duk don rediyo da garmaho da lasifikar taro aka yi su. Maƙeran amfilifayar jita abin da ya fi kusa da hannunsu, ya kuma fi araha, shi suka ɗauka.

Labarin Marshall shi ya fi bayyana wannan. Jim Marshall makaɗin ganga ne mai kantin kayan kiɗa a Hanwell, yammacin Landan. A 1962 shi da ma'aikatansa suka kwaikwayi Bassman, wata amfilifaya da Leo Fender ke ƙerawa a Kalifoniya, suka sa wa tasu suna JTM45. Da fari sun yi amfani da 5881, 'yar gidan su 6L6, kamar yadda Fender ya yi. Amma kayan Amurka na da tsada a Ingila, sai suka koma KT66 ta gida, daga bisani wajen 1966 suka koma EL34, wadda ta fi sauƙin samu. Wannan sauyi na tattalin kuɗi shi ya taimaka wajen haifar da gurnanin nan da ake kira muryar Ingila, wanda a yau ake ta rubuce-rubuce a kansa sai ka ce da gangan aka shirya shi. Abin dariya kuma, a shekarun 1970 dillalin Marshall a Amurka ya riƙa sa wa amfilifayoyin 6550 maimakon EL34, don ta fi juriya, masu saye su daina damunsa da dawo da kaya. Ashe ke nan Marshall ɗin da Ba'amurke ya sani a lokacin ba muryarta ɗaya da wadda mutumin Landan ya sani ba. Ita kuwa Vox AC30, wadda mawaƙan Beatles suka yi tashe da ita, EL84 huɗu ke cikinta.

Ana cikin haka ajalin kwalba ya riga ya ƙarato. Tun a watan Disamba na 1947, shekarar da 12AX7 ta fito, masana a ɗakin bincike na Bell suka ƙirƙiro tiransisto, wanda ba ya buƙatar ɗumi, ba ya fashewa, ba ya cin wuta sosai. Rediyo ta koma gare shi, talabijin ya bi, na'urorin lissafi suka bi. Makaɗan jita ne suka ƙi, domin in an matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta muryarta takan kakkarye a hankali, da daɗin ji, alhali tiransiston wancan zamani in an matsa masa sai ya yi tsawa mai kartar kunne. To amma makaɗa nawa ne a duniya da za su riƙe masana'antar da aka gina don ƙera miliyoyin kwalabe a shekara? RCA ta rufe masana'antarta ta Harrison a jihar New Jersey a 1976. Mullard ta daina ƙira a Blackburn a farkon shekarun 1980. Ta Owensboro a jihar Kentucky, wadda a da mallakar General Electric ce, ta yi ta lallaɓawa har 1993.

Ceto ya zo daga inda ba a zata ba. A ran 6 ga Satumba, 1976, wani matuƙin jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyet mai suna Viktor Belenko ya gudu da jirginsa, samfurin MiG-25, ya sauka a Hakodate ta ƙasar Japan. Da masanan Amurka da na Japan suka kwance jirgin suka duba, sai suka tarar na'urorinsa cike da kwalabe. Ƙasashen gurguzu ba su yi saurin yin watsi da tsohuwar fasaha ba, kuma sojojinsu na buƙatarta, don haka masana'antunsu suka ci gaba da aiki: Reflektor a birnin Saratov a bakin kogin Volga, da Svetlana a birnin da ake kira Leningrad a lokacin, da Tesla a Cekoslobakiya, da Shuguang a Changsha ta ƙasar Sin. Har suna da kwalabe masu kama da na Yamma, alal misali 6P3S wadda aka kwaikwayo daga 6L6, da 6P14P takwarar EL84.

Wanda ya fi kowa hango ciniki a nan shi ne Mike Matthews, wanda ya kafa kamfanin Electro-Harmonix a New York a 1968. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ya fara shigo da kwalaben Rasha yana sayarwa da sunan Sovtek, kuma wajen ƙarshen shekarun 1990 ya sayi sashen ƙera kwalabe na masana'antar Saratov. Bai tsaya nan ba. Kamfaninsa na New Sensor ya mallaki ikon amfani da tsofaffin sunaye, su Tung-Sol da Mullard da Genalex, ya riƙa bugawa a kan kwalaben Saratov. Saboda haka sabuwar Mullard da mai karatu zai gani a kanti yau ba ta taɓa shaƙar iskar Blackburn ba. Ba cewa nake ba ta da kyau. Wasu daga cikin kayan Saratov nagartattu ne, kuma ana rubuta ƙasar ƙira a jikinsu, ba a ɓoye ba. Amma wanda ya ƙara kuɗi don yana zaton ya sayi abin da aka ƙera a Ingila a 1960, ya sayi suna ne kawai. A can Silobakiya kuwa, bayan rushewar gurguzu, kamfanin JJ ya tashi a garin Čadca da tsofaffin injunan Tesla, shi kam da sunansa yake sayarwa.

Haɗarin dogara ga masana'antu ƙalilan ya fito fili ba da daɗewa ba. Shuguang ta dakatar da aiki a 2019. A watan Maris na 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba mata takunkumi, ita kuma ta mai da martani da hana fitar da wasu kayayyaki, ciki har da kwalabe. Nan da nan kantuna suka wayi gari fayau, farashi ya yi tashin gwauron zabo, masu hali suka yi ta saye suna ɓoyewa. An sassauta hanin bayan ɗan lokaci, amma makaɗa sun riga sun gane cewa muryar jitarsu ta rataya a wuyan siyasar duniya. A shekarar ce kamfanin Western Electric, mai ƙera kwalba samfurin 300B a Rossville ta jihar Jojiya, ya ba da sanarwar yana da niyyar fara ƙera irin na jita.

To, yaya mai amfilifaya zai yi? A ganina lamba ita ce gaba da suna. Ƙananan kwalaben da ke karɓar sautin farko ana iya zare su a sa wasu ba tare da wani gyara ba, kuma a nan mutum ke da 'yancin gwaji. 12AX7 tana ninka sauti sau 100, 5751 sau 70, 12AY7 kuwa wajen sau 40, kuma ita wannan ta ƙarshe ce Fender ya sa a matakin farko na Bassman. Wanda amfilifayarsa ke saurin gurnani, ya gwada mai ƙaramin ninki, zai ji bambancin da ya fi na sauya suna nesa ba kusa ba. Manyan kwalabe masu tura lasifika su ba a yi musu gangan. Bibbiyu ko hurhuɗu suke aiki, ɗaya na turawa ɗaya na ja, don haka ake sayen waɗanda aka auna aka ga jan wutarsu ya zo ɗaya. Bayan an sa su, yawancin Fender da Marshall manya sai mai gyara ya daidaita abin da suke kira bayas, watau yawan wutar da kwalba ke ja in tana hutawa. In ya yi yawa ta ƙone da wuri, in ya yi kaɗan murya ta bushe. AC30 da ire-irenta su ke daidaita kansu. Haka kuma kamannin gindi ba izini ba ne. EL34 na iya shiga ramin 6L6, amma ƙarfen da ke gasa ta na jan amfiya 1.5, na 6L6 kuwa 0.9, ga kuma bambancin yadda aka haɗa ƙafafunsu. Ko a cikin gida ɗaya, 6L6GC tana ɗaukar zafin wat 30, 5881 ta asali wat 23 kawai. Aikin ciki kuwa a bar wa masu shi, domin akwai wutar da ta haura bolt 400, kuma takan saura a ciki ko bayan an zare waya daga bango.

Saura tsofaffin kwalabe da aka ƙera tun zamanin RCA da Mullard ba a taɓa amfani da su ba, waɗanda ake tonowa daga rumbunan soja da na tsofaffin 'yan kasuwa. Da yawansu suna da ƙarko, domin an yi su ne lokacin da masana'antu ke gasa da juna. Sai dai tsadarsu ta jawo 'yan damfara, masu goge rubutun jikin kwalba su buga wani, da masu sayar da wadda ta sha aiki da sunan sabuwa. Masu tara irin waɗannan ba su kula da fentin da aka rubuta suna da shi. Wasu 'yan haruffa suke nema da aka zana a jikin gilashin kansa can wajen gindi, inda harafin B a farkon layi na biyu ke nuna Blackburn. Dalili kuwa, Philips ya mallaki Mullard gaba ɗaya tun 1927, kuma masana'antunsa na musayar kaya, har akan sami kwalba mai sunan Mullard da aka ƙera a Heerlen ta ƙasar Holan, da kuma 'yar Blackburn sanye da sunan wani kamfani dabam.