Shafin intanet na mai zane

Shafin intanet na mai zane shafi ne da mai aikin fasaha yake buɗewa da sunansa domin ya tara ayyukansa a wuri ɗaya, tare da bayanin kowane aiki da hanyar da za a tuntuɓe shi. "Mai zane" a nan ya haɗa da mai fenti, mai sassaƙa, mai ɗaukar hoto, maginin tukwane, marini da mai zayyanar allo. Masu ziyartar irin wannan shafi galibi masu saye ne, da masu shirya baje koli, da 'yan jarida, da ɗalibai masu bincike. Yawancinsu ba sa daɗewa a kai, don haka ake tsara shi ta yadda aikin zai fara bayyana kafin dogon bayani.

Bambancinsa da dandalin sada zumunta

Masu zane da yawa a Arewacin Najeriya da Nijar suna tallata aikinsu ne a Instagram, Facebook da WhatsApp, kuma hakan yana da amfani. Fati Abubakar, mai ɗaukar hoto daga Maiduguri, ta yi suna a duniya ta hanyar shafinta na Instagram mai suna Bits of Borno, wanda ta fara a 2015. Sai dai dandali ba mallakar mai zane ba ne. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kusan sa'o'i shida a duk duniya. Ban da haka, dandali yana jera hotuna ne bisa ranar da aka sa su, sai aikin da ya ɗauki wata uku ya nutse a ƙarƙashin hotunan biki. A shafin kansa, mai zane ne yake zaɓar abin da za a fara gani.

Hotunan ayyuka

Hotuna su ne jigon shafin. Ba a sa duk abin da aka taɓa yi. Ana zaɓar mafi kyau, a kasa su bisa shekara ko bisa jigo. Ana ɗaukar hoton aikin fenti daga gaba sak, cikin hasken rana amma ba a tsakiyar rana ba, ba tare da fitilar kyamara ba, sannan a yanke bango da tabarmar da suka shigo cikin hoton. Tukunya ko sassaƙa suna buƙatar hoto daga ɓangare biyu ko uku.

Wasu ayyukan suna da wuyar ɗauka. Misali turkuɗin garin Kura, maƙwabciyar Dawakin Kudu a Jihar Kano, wanda ake rinawa da baba, mabuga su buge shi har ya yi sheƙi, Buzaye kuma su saye shi don rawani. Darajarsa tana cikin sheƙin, amma a hoton waya yakan fito kamar baƙin ƙyalle kawai. Irin wannan aiki yana son hasken da ya zo daga gefe, da hoto na kusa, da ɗan gajeren bidiyo inda ake motsa ƙyallen. Haka ma surfanin babbar riga da adon bango na gidajen Kano da Zariya, waɗanda inuwa ce take fito da tudunsu.

Bayanin da ke ƙarƙashin hoto

Wannan ne ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi, kuma shi ne yake mai da hoto shaida. Tsarin da gidajen tarihi suke bi shi ne: sunan mai aikin, sunan aikin, shekara, kayan da aka yi shi da su, da girmansa, inda ake fara rubuta tsawo kafin faɗi. Wanda ya zana gonakin noman rani zai iya rubuta, bayan sunansa: Yankan shinkafa a Kadawa, 2023, fentin mai a kan ƙyalle, santimita 90 x 120. Idan an sayar da aikin, sai a faɗa. Idan hoto ne da aka wanke kwafi goma kacal, sai a nuna adadin.

Tarihin fasahar ƙasar Hausa ya nuna abin da rashin wannan yake jawowa. Manyan riguna masu aska takwas da kayan dukanci da yawa suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da sunan gari ko na ƙabila kawai, babu sunan wanda ya yi su. Sunaye kaɗan ne suka tsira, kamar na Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ladi Kwali kuwa, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja (Suleja ta yanzu) a 1954, tana buga tambarin LK a kan tukwanen da ta yi a can, kuma da shi masu saye suke tantance aikinta har yau. A sana'ar da hannu da yawa ke shiga, kamar turkuɗi da ya bi ta hannun masaƙi da maɗinki da marini da mabugi, ya dace shafin ya faɗi wanda ya yi kowane mataki.

Tarihin mai zane

Akan raba wannan kashi uku. Na farko gajeren tarihi ne, sakin layi ɗaya ko biyu: inda aka haife shi, inda yake aiki, da inda ya koya. Na biyu jerin baje koli, kyaututtuka da karatu, ana farawa da na baya-bayan nan. Na uku bayanin da mai zane yake yi da bakinsa kan abin da aikinsa ya dosa.

Wanda ya yi karatu a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, makarantar da ta gaji kwalejin da Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, ba ya rasa abin rubutawa. Wanda ya gaji sana'a a gida shi ma yana da shi: sunan maigidan da ya koya masa, karofin da ya yi aiki, da shekarun da ya yi, duk karatu ne. Rubuta bayanin da Hausa da Turanci, ko da Faransanci ga masu ciniki da Nijar, yana faɗaɗa masu karantawa, amma kalmomin sana'a kamar baba, bugu da dagi gara a bar su yadda suke a yi musu bayani.

Tuntuɓa da ciniki

Imel da lambar waya ta aiki sun isa. Ba a sa adireshin gida. Masu zane sun bambanta kan rubuta farashi. Wasu suna rubutawa a kan ƙananan ayyuka su bar manya sai an tambaya, kuma wanda yake da yarjejeniya da gidan baje koli yakan daidaita farashinsa da na gidan. Mai karɓar aikin oda yakan bayyana kafin alƙalami, da tsawon lokacin aiki, da wanda zai biya kuɗin aikawa.

Haƙƙin mallaka

A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, aikin fasaha yana samun kariya ba sai an yi masa rajista ba. Kariyar zane tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai shi, ta hoton kyamara kuma shekara 50 daga fitar da shi. Sayar da zane ba ya nufin an sayar da haƙƙin buga shi a riga ko kalanda. Wasu suna buga tambari a kan hotunansu don hana sata, ko da yake babban tambari yana ɓata aikin. Wasu kuma suna sa ƙaramin kwafi ne kawai, su ajiye babban.

Adireshi da nauyin shafi

Adireshin da ya fi sauƙin tunawa shi ne sunan mai zanen kansa. Ƙungiyar NiRA ce take kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng. Tun da yawancin 'yan Najeriya da waya suke shiga intanet, ana rage nauyin hotuna domin shafin ya buɗe a Bunkure ko Dawakin Kudu ba tare da cinye data ba, kuma ana guje wa kiɗan da ke tashi da kansa. Adireshi haya ne da ake sabuntawa, galibi duk shekara. Idan wa'adin ya wuce ba a biya ba, shafin yana sauka, kuma wani yana iya sayen sunan.