Farm Centre: Daga Sunan Gona Zuwa Kasuwar Waya

Sunan wurin na noma ne, amma yau duk wanda ya ce zai je Farm Centre a Kano, an san waya ce ta kai shi. Kasuwar tana cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, daura da titin Zariya, ba nisa da Gyadi-Gyadi da Asibitin Malam Aminu Kano.

Labarin ya faro ne a 2001. A watan Janairun shekarar gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin, kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya, shi ya sa aka riƙa ganin samari a ƙarƙashin lema ana biyansu a yi kira. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya karye, waya ta shiga aljihun talaka. Abin da ya shiga aljihu kuwa dole wata rana ya faɗi ƙasa ko ya faɗa ruwa. Nan sana'ar gyara ta samo asali.

Ba makaranta ce ta yaye yawancin masu gyaran Farm Centre ba. Tsarin da Kano ta gada ne a wajen maƙera da maɗinka: yaro ya zauna gaban maigidansa, ya fara da aike da canza sikirin, a hankali a sakar masa ƙarfen liƙi ya taɓa injin waya, ranar da hannunsa ya faɗa a sallame shi ya kafa teburinsa. Sun fara da Nokia, suka bi zamani har zuwa Tecno, Itel da iPhone. A gefensu ga dillalan da ke sauke kaya daga Dubai da Sin, ga masu tura fina-finai da waƙoƙi, waɗanda suka taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan Kannywood.

Kasuwar ta ga tashin hankali. Ranar 18 ga Nuwamba 2015 'yan ƙunar baƙin wake mata biyu suka tayar da bam a cikinta, mutane fiye da goma suka rasu. Ranar Babbar Sallar 2025, 6 ga Yuni, gobara ta cinye ɗaruruwan shaguna, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya yi alƙawarin naira biliyan biyu don sake gina ta.

A nan ne abin tambaya yake. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kafa kasuwanni da kula da su a wuyan ƙaramar hukuma, amma a Kano an saba sai an ga hayaƙi gwamnatin jiha ta bayyana. Uzurin da aka daɗe ana bayarwa shi ne kuɗin ƙananan hukumomi na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha, to ga hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Mai gyaran waya ba ya neman taron bita a otal. Wuta yake nema tsayayya, da hanyar da motar kashe gobara za ta iya ratsawa, da takardar shaidar ƙwarewa da yaronsa zai nuna a banki. Shugabannin Tarauni su fara daga nan.